Da gaske ƙiba ce ta jawo min ciwon dunduniya?

Tambaya: Shekarata 43, 'ya'yana biyar, ina da shagon atamfa da leshi. Shekara shida da suka wuce kilo 68 nake, yanzu na kai 89, tsayina kuma mita 1.62. Wata takwas ke nan dunduniyata ta dama tana ciwo, musamman idan na sauko daga gado da asuba, kamar na taka ƙusa. Takalmana ma sun daina shiga ta. An yi hoto an ce ƙashi ne ya tsiro, likita ya ce in je in rage ƙiba. Mahaifiyata ta fi ni jiki nesa ba kusa ba, ban taɓa jin ta yi kukan ƙafa ba. Da gaske ƙiba ce? Kuma ta yaya zan yi tattakin rage jiki da ƙafar da ba ta takuwa?

Amsa: Hajiya, sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Likitanki bai faɗi ƙarya ba, rabin magana dai ya ba ki. Ƙiba tana da hannu dumu-dumu a ciwon nan, kuma zan nuna miki ƙofofin da take shiga. Amma a ce wa mai ciwon dunduniya "je ki rage jiki" a yi shiru, kamar a ɗaure akuya a turke ne a ce ta tafi kiwo. Mu a sashen gashin ƙashi na asibiti ƙafar muke fara lallaɓawa, ragin nauyi ya biyo baya, don sai ƙafa ta taku ake maganar tattaki.

Ƙashi 26 ne a kowace ƙafa daga idon sawu zuwa kan yatsu, da mahaɗa 33. Idan kin taɓa ganin bakan maharbi, kin ga yadda aka jera su. Ƙasusuwan su ne itacen bakan, sun lanƙwaso daga dunduniya zuwa gindin yatsu, shi ya sa tsakiyar tafin yake da kwarmi ba ya taɓa ƙasa. Tsirkiyar bakan kuwa wani farin tantani ne mai kauri da tauri, ya taso daga ƙashin dunduniya ya rarrabu zuwa gindin yatsu biyar. Duk takun da kika yi, nauyinki yana saukowa ta ƙwauri ya danne bakan yana neman baje shi, tsirkiya ta riƙe. Da kin ɗaga dunduniya za ki cira ƙafa, yatsu su tanƙware, sai ta ƙara ɗaurewa tamau. Wani likitan Ingila mai suna Hicks ne ya yi bayanin wannan tun a 1954, ke ma za ki iya tabbatarwa daga inda kike zaune. Ɗora ƙafar a kan ɗaya gwiwar, ki ja babban yatsa sama, ki shafa tafin da ɗaya hannun. Za ki ji wata igiya ta miƙe a ƙarƙashin fata. Ki bi ta da yatsa har inda ta manne da dunduniya, ta ɗan ɓangaren ciki, ki danna da ƙarfi. Idan kin zabura, to a nan ɓarnar take. Ban duba ki da hannuna ba, amma yadda kika kwatanta ciwon, kusan kullum nan yake kai mu.

Yanzu ki yi lissafi irin na 'yan kasuwa. Daga 68 zuwa 89 kilo 21 ne, wato jarkar ruwa mai cin lita 20 cike fal, har da ɗan ƙari. Da a ce an ɗaura miki jarkar nan a baya an ce ki wuni da ita a shago, kina miƙewa kina sauko da turmi kina mayarwa, da kafin azahar kin ajiye ta. Wannan kuwa ba ta ajiyuwa, da ita kike shiga banɗaki, da ita kike hawa bene. A tafiya ta yau da kullum, ƙarfin da ke sauka kan ƙafa a kowane taku yakan ɗan haura nauyin jiki gaba ɗaya, a gudu kuma ya ninka biyu zuwa uku. Mu ce taku 5,000 kawai kike yi a wuni, kowace ƙafa 2,500. Kilo 21 sau 2,500 ya ba da kilo 52,500, daidai da buhun siminti 1,050, ƙari a kan abin da ƙafar ta saba ɗauka shekara shida da suka wuce. Ba a lokaci ɗaya yake sauka ba, na sani, amma igiyar guga ma ba ja ɗaya ke cinye ta ba. Ƙashin ƙafarki da tsirkiyarta kuwa har yau na mai kilo 68 ne, ba su ƙara faɗi don ke kin ƙara ba.

Abin da ke faruwa a inda tsirkiya ta manne da dunduniya shi ne zaruruwanta suna gajiya suna sassaɓewa fiye da yadda jiki ke iya gyarawa, wurin ya yi kauri ya yi tsami. Da dare kina barci ƙafa takan saki ta kalli ƙasa, tsirkiya ta tsuke, jiki ya fara ɗinkinsa a haka. Ladan na kira kika sauko kika dire ta da dukkan nauyinki, sai a finciko abin da aka kwana ana ɗinkewa. Shi ya sa takun farko ya fi kowanne zafi, bayan kin yi alwala kin ɗan zazzaga ya lafa, idan kin daɗe a zaune kika miƙe ya dawo, da yamma kuma bayan tsayuwar wuni ya koma zugi.

A 2003 wasu masu bincike a jihar Bajiniya ta Amurka sun kwatanta mutum 50 masu irin ciwonki da mutum 100 marasa shi. Waɗanda ma'auninsu na BMI ya haura 30 sun fi waɗanda ke ƙasa da 25 yiwuwar kamuwa fiye da ninki biyar. Masu wuni a tsaye wurin aiki, fiye da ninki uku. Ma'aunin nan ba wani abin wahala ba ne, nauyi ake rabawa da tsayi sau tsayi, naki a da yana wajen 26, yanzu ya kusa 34. Amma abin da ya fi ƙiba da tsayuwa ƙarfi a binciken nan shi ne taurin idon sawu, wato ƙafar da ba ta iya tanƙwarowa sama sosai saboda sharaɓa da agara sun ɗaure. Ki riƙe wannan, domin shi ne ake iya fara gyarawa tun daga gobe da safe ba tare da an jira sikeli ba.

Maganar ƙashin da ya tsiro kuma, ki kwantar da hankalinki. Da yawa suna zuwa mana da hoton a hannu, fuska a murtuke, sun riga sun yanke wa kansu hukuncin tiyata. A hoton ɗan tsinin nan ba ƙasa yake kallo kamar ƙusa ba, kwance yake yana kallon yatsu. Mutane da yawa suna da shi ba su taɓa jin ciwo ba, da za a ɗauki hoton dunduniyarki ta hagu ba mamaki a gan shi a can ma. Alama ce ta cewa wurin ya daɗe yana shan ja da danna, shi ya sa aka fi ganinsa ga masu jiki da masu shekaru. Ciwon yana warkewa ƙashin yana nan inda yake.

Ƙarƙashin ƙashin dunduniya akwai wani matashi na kitse, kaurinsa bai wuce santimita biyu ba, an tsara shi ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma don ya shanye dukan ƙasa. Abin mamaki, ƙibar jiki ba ta ƙara masa inganci, danne shi take yi ya baje ta gefe. Idan ya baje sai ya tura fatar gefen dunduniya waje, in fatar ta bushe da hunturu ta yi kaushi sai ta tsage. Faso ke nan. Ana ɗora wa sanyi da ƙura laifi, suna da nasu kason, amma ki lura da waɗanda fasonsu ke yin zurfi har ya yi jini, za ki ga yawanci masu jiki ne da ke yawo da silifa mara baya.

Takalmanki ba su ne suka tsuke ba, ƙafar ce ta buɗe. Baka idan ya daɗe a danne yakan sauka, ƙafa ta ƙara tsawo da faɗi. Haihuwa ma tana da nata. A Jami'ar Ayowa an auna ƙafafun mata 49 a farkon ciki da kuma watanni bayan haihuwa, a sakamakon da aka fitar a 2013 aka ga kwarmin tafin da yawansu ya sauka bai koma ba, tsawon ƙafar wasu ya ƙaru da milimita 2 zuwa 10, kuma cikin fari ya fi yin wannan aika-aika. Nauyin ciki ne ya haɗu da sinadaran da ke sassauta jijiyoyi don haihuwa. Ke kin bi ta nan sau biyar. Kada ki matsa wa kanki sai kin shiga lambar da, ki ƙara lamba, kuma ki riƙa gwada takalmi da yamma lokacin da ƙafa ta gama buɗewa.

Akwai wani abu da nake so ki duba a nan, don ya fi ciwon dunduniya haɗari. Wata jijiya tana saukowa daga sharaɓa ta zagayo bayan idon sawu na ciki ta kama tsakiyar bakan tana ɗaga shi. Mata masu jiki da suka haura arba'in, musamman masu suga ko hawan jini, su ne ta fi gajiya a jikinsu. Bayan kin yi alwala ki taka busasshen siminti ki kalli sawunki biyu. Idan ɗaya ya fito da kwarminsa ɗaya kuma ya fito ɓaɓɓake kamar faranti, akwai magana. Sai ki dafa bango ki tsaya da ƙafa ɗaya ki gwada ɗaga dunduniya. In ta ƙi ɗaguwa sam, ko kina jin ciwo da kumburi a bayan idon sawu na ciki, kada ki tsaya atisayen gida, ki nemi likitan ƙashi. Idan aka tare ta da wuri takalmin gyara da gashi sun isa, idan aka bari ƙafar ta karkace ta sandare sai wuƙa.

Duk wannan maganar nauyi ce. Akwai ƙofa ta biyu da ba a cika faɗa wa marasa lafiya ba. An daɗe da lura cewa masu ƙiba sun fi samun amosanin gaɓɓai a yatsun hannu, alhali ba wanda ke tafiya da hannu. Da ana ɗaukar kitse a matsayin rumbu kawai, a zuba a ajiye. Daga 1994 da aka gano sinadarin leftin, wanda kitse ne da kansa ke fitar da shi, aka gane cewa rumbun nan yana aika saƙo cikin jini. Kitse, musamman na tumbi, yana sakin sinadarai masu hura wutar kumburi a hankali, su raunana jijiyoyi, su jinkirta warkewa. Masu bincike a Melbon ta Ostareliya da suka auna kitse daban tsoka daban sun ga yawan kitsen ne ke tafiya tare da ciwon ƙafa, yawan tsoka bai nuna haka ba. Wannan ne dalilin da ɗan dako mai kilo 89 na tsoka yake wuni da buhu a ka lafiya lau, mai kilo 89 na kitse kuma take ɗingishi. Don haka sikeli kaɗai bai isa ba. Ki sami zare ki auna tsayinki, ki ninka shi biyu, ki zagaya cikinki da shi ɗan sama da cibiya. Idan bakin zaren bai haɗu ba, kitsen cikin ya wuce kima.

Sai batun Hajiya babba, Allah ya ƙara mata lafiya in tana raye, in ta rasu Allah ya jiƙanta. Kusan duk wanda na yi wa maganar nauyi sai ya kawo mini wata gwaggo ko wani kawu. Ƙiba tana ƙara yiwuwar ciwo ne, ba ta wajabta shi, kamar yadda ba duk mai shan taba ke tari ba. Amma ki tuna a kan me ta wuni. Tsakar gidan ƙasa ce ko daɓe, wani wurin ma rairayi, masu ɗan saki idan an taka. Ke kuwa daga tayil ɗin ɗaki zuwa simintin tsakar gida zuwa tayil ɗin shago. Ta yi daka, ta yi surfe, ta ja ruwa, ta je unguwa da ƙafa, ta tsuguna ta miƙe sau ba adadi, saboda haka sharaɓarta tana da ƙarfi idon sawunta yana da laushi, akwai tsoka a ƙarƙashin jikin nan da kike gani. Wataƙila kuma jikin nata a hankali ya taru tun tana budurwa, ƙafa ta saba, ke kuma kilo 21 cikin shekara shida. Ban da haka, iyayenmu mata ba sa kai ƙarar ciwo. Sau nawa kika ga ta dafa gwiwa ta miƙe tana cewa "wash, sanyi ne"?

Kafin a ɗora wa ƙiba komai, ina so a auna miki suga da hawan jini, in ba a yi kwanan nan ba. Ƙiba ita ce babbar ƙofar ciwon suga, shi kuma yana cin jijiyoyin ji na ƙafa. Nasa ciwon daban yake: ƙafa biyu a tare, daga yatsu yake farawa, zafi kamar an zuba barkono ko tsira-tsira kamar allura, ya fi tsanani da dare a kwance, wani lokaci mutum ya ji kamar a kan auduga yake tafiya ko silifa ya fice bai sani ba. Mai wannan ba a gasa masa ƙafa da ruwan zafi, ba ya yanke kaushi da reza, ba ya tafiya ba takalmi, don ƙaramin rauni kan zama gyambon da ke kai wa ga yanke ƙafa. Idan kuma gindin babban yatsa ne ya kumbura dare ɗaya, ya yi zafi har zanin rufa ba ya taɓuwa, wannan gawut ne, gishirin yurik asid ne ya taru a mahaɗa, ƙiba da kayan ciki da jan nama da lemon kwalba suna ƙara shi. Kumburin ƙafa biyu da ke lotsawa idan an danna yana iya zama na jijiyoyin jini da nauyi ya danne, ko na wani maganin hawan jini kamar amlodifin, amma yana iya zama zuciya ko ƙoda, sai an duba. Ƙafa ɗaya kuwa ta kumbura farat ɗaya da ciwon sharaɓa, wannan na ranar ne, a tafi asibiti, jini ne kan daskare.

Wata tambaya da nake yi wa duk macen da ta ce mini jiki ya zo mata da sauri, ki gafarce ni: kin taɓa shan maganin ƙiba? Irin wanda ake kira sha-ka-fashe, ko haɗin da ake ƙullawa a leda na ciwon jiki da sanyi? Sau da yawa akwai deksametazon ko firedinisolon a ciki. Suna kumbura fuska da ciki da bayan wuya, su cinye tsokar cinya, su tayar da suga da hawan jini, su rage wa ƙashi ƙwari. A al'adarmu mace in ta yi jiki a ce ta samu kwanciyar hankali, mijinta yana kula da ita, in ta rame a fara tambayar ko lafiya. Na ga amaren da aka ɗura wa waɗannan ƙwayoyi kafin biki suka dawo mana bayan 'yan shekaru da gwiwa da ƙafa. In kina sha kin daɗe, kada ki yanke dare ɗaya, yankewar ma haɗari ce, likita ne zai janye miki a hankali.

To, me za ki yi daga gobe? Takalmi tukuna. Na tabbata da za ki miƙo mini silifan da kike wuni da shi zan ga wurin dunduniya ya lotse ya zama kamar fefe, gefe ɗaya ya cinye. Ki ɗauki takalmi ki gwada naɗe shi, in ya naɗu kamar tabarma ba naki ba ne. Ki nemi mai tauri a tsakiya, mai laushi a dunduniya, wanda bayansa ya ɗan fi gabansa tudu da kamar santimita biyu, mai maɗauri ko mai rufin baya. Kambas ya fi komai, na san ba kowace Hajiya ke yarda ta haɗa shi da leshi ba, to ki ajiye shi a shago ki sa idan kin isa. A cikin gida ma kada ki taka tayil da tafin ƙafa, ki ware takalmi mai tsabta na ɗaki, ya kwana a bakin gado. Akwai ɗan matashin roba mai laushi da ake sa wa a dunduniyar takalmi, ki sa a ƙafa biyu don kada ki karkace. A shago ki sami doguwar kujera, yaro ya riƙa sauko da kaya, ki daina tsayuwar da ba ta da dalili.

Kafin ki sauke ƙafa da asuba, ki zauna a bakin gado ki yi abin nan da na nuna miki: ƙafa a kan gwiwa, ki kama yatsu duka ki ja su sama har ki ji igiyar ta miƙe, ki ƙirga goma, ki saki, sau goma. Ki maimaita da rana da dare, da duk lokacin da za ki miƙe bayan dogon zama. Sharaɓa kuma, ki dafa bango, mai ciwon a baya, gwiwarta a miƙe, dunduniya a ƙasa, ki tura jiki gaba har ki ji ja a bayan ƙafa, rabin minti, sau uku. Da yamma in tana zugi ki murza tafin a kan gorar ruwa mai ƙanƙara na minti goma, in dai ba ki da matsalar ji a ƙafa. Bayan mako biyu ko uku, in zafin ya fara sauka, sai a shiga ƙarfafawa. Ki naɗe ƙaramin tawul ki sa ƙarƙashin yatsu a bakin matakala, ki dafa, ki ɗaga dunduniya a hankali cikin ƙirga uku, ki tsaya biyu, ki sauko cikin uku har ta ɗan wuce bakin matakalar. Wani gwaji da aka yi a Denmak aka buga a 2015 ya nuna masu wannan atisaye sun riga masu miƙa jijiya kawai samun sauƙi a wata uku. Su da ƙafa ɗaya suka yi, ke da nauyinki ki fara da biyu, kamar sau goma, zagaye uku, yau a yi gobe a huta.

Daikulofenak da ibufurofen suna rage zafi na 'yan kwanaki, ba sa ɗinke tsirkiya, kuma shansu wata da watanni yana cin ciki ya taɓa ƙoda ya tayar da hawan jini. In ya zama dole, na shafawa ya fi sauƙin illa. Allurar da ake yi a dunduniya takan ba da hutu na kamar wata guda, amma maimaita ta na iya narkar da matashin kitsen nan ko ta tsinke tsirkiyar, ni ba na son a fara da ita. Tsaga da sakiya a tafin ƙafa kuwa, don Allah a'a. Babu mugun jinin da za a fitar a wurin, sai dai a buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa a inda kike takawa.

Ragin nauyi a wannan matakin daga kwano zai fito, ba sai kin taka ko'ina ba. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kamar cokali 12 a wuni gaba ɗaya, in ya tsaya a shida ya fi. Ki ƙirga na shayin safe, da na zoɓo, da na kunun aya, da wanda ake zuba wa fura, da lemon da ake ba baƙo a shago ke ma ki taya shi. Waɗannan su ne ba sa ƙosarwa, su za ki fara sallama. Malmalar tuwo biyu ta koma ɗaya, miya da ganye su ƙaru, kwaɗon zogale ko rama ko dafaffen wake ya riga shinkafa shiga ciki, suya ta koma ta ranar marmari, cin dare mai nauyi a matso da shi kusa da magariba. Ban ce ki koma kilo 68 ba, kada ma ki sa wannan a ranki yanzu. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ake nema da farko, a wurinki kilo huɗu da rabi zuwa tara, cikin kamar wata shida, rabin kilo a mako ya isa. A gwiwa an auna a 2005 an ga duk kilo ɗaya da aka rage yana sauke mata kusan huɗu a kowane taku. Ƙafa lissafinta daban ne, amma ita ce a ƙasan kowa, ita ke fara jin an sauke kaya. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya kuwa yawanci gudawa da fitsari yake sa wa, ruwa ne ke fita, kitse yana nan.

Motsa jiki kafin ƙafar ta yarda, ki yi wanda ba ya dukan dunduniya: keken motsa jiki na ɗaki in da hali, ko ki zauna ki miƙe daga kujera sau goma-goma, ko ɗaga ƙafafu a kwance. Idan takun asuba ya fara sauƙi, ki fara tattaki da kambas na minti goma a kan ƙasa, ki guji kwalta da siminti, kina ƙara minti biyu-biyu duk mako. Awonki shi ne washegari da asuba: in zafin takun farko bai fi na jiya ba, ki ci gaba, in ya ƙaru, kin zarce, ki koma baya kaɗan. Sujada tana tanƙwara yatsu ta ja tsirkiya, wasu suna jin daɗin hakan wasu kuma yana tayar musu da ciwon, in kina cikin na biyun ki ninka dadduma ta yi kauri.

Ciwon nan yana da naci, amma kusan takwas zuwa tara cikin goma suna rabuwa da shi cikin shekara guda ba tare da tiyata ba. Ki ba abubuwan nan mako shida zuwa takwas kina yi kullum, kina rubuta zafin takun farko daga ɗaya zuwa goma a bayan littafin shago. In lambar ba ta motsa ba, ki je sashen gashi na asibitin da ke kusa da ke a duba ki da hannu, akwai ɗaurin filasta da takalmin kwana da wasu dabarun da sai an ga ƙafar. Ki tafi da sakamakon awon suga, da duk ƙwayoyin da kike sha har na leda, da tsohon silifan nan a jaka.